Allurar Zafi a Hanyar Kurfi

Rana ta ƙarshe da ta wuce mana kamar sauran ranaku, ranar kasuwar Kurfi ce, cikin bazarar 1962. Da na dawo daga sallar asuba na tarar ya riga ya ɗaga murfin injin mota a ƙofar gidanmu a Dutsin-Ma, yana zuba ruwa a lagireto da wata ƙaramar buta. Ya ajiye butar ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon motar. Haka muka saba.

Sunansa Hadi. Shi ne ɗana na fari, saboda haka ban taɓa kiran wannan suna da bakina ba yana raye. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Na yi karatu a jami'a a Ibadan, na dawo na sauya ra'ayi a kan abubuwa da yawa, amma wannan bai ma taɓa zo mini a rai cewa abin sauyawa ba ne. In zan kira shi sai in ce Na Dada, domin mahaifiyata Dada ce ta yaye shi ta raine shi a Kurfi. Uwarsa Yahanasu kuwa ko wannan ba ta faɗa. Wancan take ce masa. Ta ajiye masa tuwo ta juya baya, amma kullum malmalarsa ta fi ta kowa girma.

Ruwan da yake zubawa ba na rijiya ba ne. Ruwan sama ne da ya tara tun damina daga indararon rufin kwanon gidan, a manyan randuna da ya jera a zaure ya rufe da faya-fayai. Ya ce ruwan rijiyoyinmu yana barin farin gishiri a cikin lagireto, kamar yadda yake yi a gindin tukunyar shayi, har ya toshe hanyoyin ruwa. Yahanasu ta sha yin mita, tana faɗa wa bango don ya ji, wai a gidan nan mota ta fi mutane gata.

Da rana ta ɗan ɗaga muka karya kumallo, ni a ɗakina, shi a zaure. Da hantsi muka tashi. Ni ne a sitiyari, shi a gefena, akwatin kayan aikinsa a kujerar baya.

Aikina a lokacin duba makarantun firamare ne na wannan yanki, shi ya sa na sayi motar daga hannun wani Bature da ya ajiye aiki zai koma gida. Ta riga ta tsufa. A makon farko ta tafasa mini a kan hanya, tururi na fita ta gaba, na tsaya ban san inda zan taɓa ba. Da aka jawo ta garejin wani makanike mai suna Rabe, wanda ya fito daga ƙarƙashin wata babbar mota yana goge hannu shi ne ɗana.

Na san a can yake aiki. Tun yana ƙarami a Kurfi, in motocin ɗaukar gyaɗa suka zo, ba ya bin su da gudu kamar sauran yara. Tsugunawa yake yi a gaban injin ya kasa kunne. Ya taɓa kwance fitilar Dada ɗaya tak da take da ita, ya mayar da ita, ta daina hayaƙi. Da ya gama firamare na so ya wuce gaba, na ma yi masa hanya. Bai iya faɗa mini ba ya so ba. Ya faɗa wa Dada, Dada ta aiko aka kira ni, ta ce yaronta gyaran mota zai koya. Na ba ta amsa, ita ta kai masa. Haka aka miƙa shi ga Rabe, tsohon direban soja da ya koyo gyara a yaƙin Bama, mai gareji a gindin wata bishiya kusa da tashar Dutsin-Ma. Duk maganar da ta shafi rayuwarsa, ta bakin wani muka yi ta.

Motar ce ta fara sa mu magana kai tsaye. Maganar inji ba hira ba ce, aiki ne, ba wanda zai ce uba ya zauna yana taɗi da ɗansa na fari. Ya bi ta daki-daki. Ya danna fambel da babban yatsa, ya nuna mini ya saki, fanka ba ta juyawa yadda ya kamata. Ya ɗaure. Ya cire lagireto ya jiƙa cikinta da ruwan tsamiya mai kauri, wanda ya ɗiba daga ta kunun uwarsa, washegari ya ɗauraye, farin gishiri ya yi ta fita ɓaro-ɓaro. Ya sauya murfin lagireton domin ƙarfen da ke danne shi ya mutu. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ke tsare ruwa sai inji ya ɗumama sannan ya buɗe, makanikai na ce masa tamosta. Rabe ya ce a cire a jefar, wannan na ƙasar sanyi ne, wa ya ga Bature da bargo a Dutsin-Ma. Hadi ya ce a bari a tambayi ƙarfen tukuna. Ya jefa shi a tukunyar ruwa a kan murhu, ya aro ma'aunin zafi na gilashi da nake koyar da kimiyya da shi, muka tsuguna mu biyu muna kallo har ya buɗe baki a daidai inda ya kamata. Ya mayar da shi wurinsa.

Daga nan motar ba ta sake tafasa ba. Abu ɗaya ya rage. A cikin gari, da hanyar Karofi, allurar gejin zafi tana zama a tsakiya lafiya lau. Amma in muka kama hanyar Kurfi muka shiga wurin da gargada ta yi yawa, sai ta fara hawa a hankali har ta kwanta a kan ja. Dalilin wannan muke nema tun kaka. Shi ya sa duk ranar kasuwa Rabe yake sallamarsa ya bi ni.

Ran nan ma haka ta yi. Muna shiga gargadar ya ce, “Baba, ga ta nan ta taso.” Na gangara gindin gawon da muka saba tsayawa. A bazara shi kaɗai ke da ganye a wajen. Na kashe inji.

Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ruwa zai feso wa mutum a fuska. Dole a jira. Muka zauna a kan saiwar gawon, shi ɗan nesa da ni, yadda ya dace. Ya ba ni labarin wani direba da ya fasa ƙwai a lagireto don ya toshe yoyo, motar ta yi ta warin wainar ƙwai har Funtuwa. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a kan dutse mai tsawo ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce to ashe mota mai hawa Jos ta fi tamu bukatar murfi mai kyau. Na ce haka ne. Na ji daɗin wannan amsa fiye da duk wadda wani ɗalibi ya taɓa ba ni, amma abin da na ce kawai shi ne mu duba ko ta huce.

Ya sa na taɓa da kaina. Tiyon sama ya kamata ya yi zafi, na ƙasa ya fi shi sanyi kaɗan. In na sama na ƙuna na ƙasa kuma sanyi ƙalau, ruwa ba ya zagayawa. Ya sa na shafa fuskar lagireton da bayan hannu, in ji ko akwai wurin da ya yi sanyi shi kaɗai. Ya naɗe tsumma ya buɗe murfin a hankali, ya tada inji, muka leƙa ko kumfa na tasowa. Ya zaro sandar baƙin mai ya nuna mini: baƙi ne, bai koma ruwan kunu ba, ke nan ruwa bai shiga mai ba. Ya tsoma ma'aunin gilashin. Zafin daidai yake.

Na ce to ashe allurar ce. Ya sosa ƙeya ya ce mai yiwuwa, amma ai mun jira ta huce kafin mu auna, ba mu san yadda take ba lokacin da muke tafe. Wataƙila iska ce ke maƙalewa a wani lungu. Mako mai zuwa zai zo da wata dabara. Kowane mako akwai wata dabara. Ni kuma da nake koya wa malamai kada su karɓi magana ba hujja, ban taɓa matsa masa ba.

Kafin azahar muka shiga Kurfi. Dada na zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Da ta gan shi ta ce, “A'a, angona ne? Wanga miji, kullum ka zo mini da warin mai, ko ɗan turare babu. Zan kai ƙara a raba mu.” Ya ce ta kai, ai ba mai kwasar tsohuwa sai shi da ya saba gyaran tsofaffin kaya. Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. Ta kira sunansa ya fi a ƙirga a wannan ɗan zama, ta kama kunnensa, ta taɓa masa wuya ta ce ya rame. Ni ina gefe a kan tabarma ina shan fura, ina kallon bango.

Bayan sallar azahar na tafi makaranta na duba aji biyu, shi ya shiga kasuwa wajen masu tsofaffin ƙarafa. Da la'asar muka kamo hanya. Na ba shi sitiyari. Allura ta hau a wurin da ta saba, muka tsaya a gindin gawo, muka jira. Wani makiyayi ya ratso da shanu suna tsintar 'ya'yan gawon, ya tambaya ko jakin namu ya gaji ne. Hadi ya ce a'a, hutawa yake so, kamar mai shi. A wannan tsayuwa bai yi magana da yawa ba. Ya ce rana ta sara masa kai. Na ce ya sha ruwa.

Da magariba ya wanke hannu da toka, ya duba faya-fayan randunansa, ya yi mini sai da safe daga bakin ƙofa. Na ce Allah ya kai mu.

Da safe bai fito ya ɗaga murfin inji ba. Yahanasu ce ta zo ƙofar ɗakina, ta ce wancan bai taɓa kokonsa ba. Na shiga na same shi kwance ya juya wa haske baya, jikinsa zafi rau. Na sa hannu a ƙeyarsa don in ɗaga kansa, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Shekarar ana sanƙarau a ƙauyukan kewaye, na riga na rufe wata makaranta saboda shi. Na san abin da nake gani.

Na aika aka kira Rabe. Muka shimfiɗa Hadi a kujerar baya, Rabe ya ɗora kan yaron a cinyarsa, muka nufi asibiti a Katsina. Hanyar ta Kurfi take bi. Muna shiga gargada allura ta taso. Ina kallonta tana hawa har ta kwanta a ja, ga gawon can gaba. In na tsaya a jira ta huce, lokacin da ba mu da shi zai tafi. In na wuce kuma injin ya ƙone a daji, ba wata motar da za ta biyo kafin yamma. Na ɗaga ƙafa daga totur. Hadi ya ji motar ta rage gudu.

“Baba, kada ka tsaya,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ƙarya take yi. Ruwan lafiya lau yake.”

Na dubi Rabe ta madubi. Ya ce, “Taka, Malam. Yaron ya san abin da yake faɗa.”

Na taka. Allura na kwance a ja muka wuce gawon, muka ratsa Kurfi ban tsaya ƙofar Dada ba. Da hanya ta yi laushi sai ta sauko tsakiya da kanta. Muka isa Katsina injin bai ko yi tari ba. A asibiti an karɓi Hadi, an yi masa abin da ake iya yi. Ya kwana biyu bai sake magana da aka gane ba. Rana ta uku da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Bai cika shekara ashirin da ɗaya ba.

A zaman makoki na zauna inda uba ke zama, na amsa gaisuwa, na ce sai haƙuri ga masu ce mini sai haƙuri. Mutane sun yaba da yadda na daure. Masu alwala suka yi ta cika butoci daga randunan zaure, ba su san na mene ne ba, ni kuma ban hana ba. Ruwa mai kyau ne, kuma addu'a suka zo yi masa.

Bayan an watse Rabe ya zo don mu buɗe akwatin kayan aiki, domin wasu sifanonin nasa ne ya ara masa. Muka zauna a zaure yana fitarwa ɗaya-ɗaya yana warewa. A can ƙasa akwai wani tsumma a naɗe. Ya warware. Waya ce sabuwa, tsawon kamu biyu, an riga an matse mata 'yan kunnuwan ƙarfe a baki biyu. Ya riƙe ta, ya ce in taso in ga wani abu.

Ya ɗaga murfin inji ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da ke ɗaure a kan injin, wanda ke jin zafin ruwa ya aika wa allura ta waya. Ya bi wayar da yatsa har bayan inji, inda ta gifta ta gefen wani ƙarfe. A nan robarta ta goge, jan ƙarfen ciki ya fito kaɗan, bai fi ƙwayar dawa ba. A hanya mai laushi tana rataye ba ta taɓa komai. In mota ta shiga gargada sai ta riƙa dukan ƙarfen, wuta ta zurare ta nan, allura ta ɗauka zafi ne ta hau. Ya tura wayar da yatsa ta manne da ƙarfen, ya ce in kunna makulli in duba. Injin na sanyi, allura ta kama hawa.

Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce ba shi ya gano ba. Tun ana yankan gero Hadi ya kira shi ya nuna masa.

“Na ce mashi, kai ɗan nema, aikin da ko shan fura ya fi shi daɗewa, sa mata sabuwa mana ka huta da zaryar Kurfi. Ya yanka sabuwar waya a gabana, ya gyara bakinta. Sai kuma ya naɗe ya sa a akwati. Na ce lafiya? Ya ce in rufa mashi asiri, Baba bai gama koyon taɓa tiyo ba.”

Ya ce tun daga nan bai sake tambaya ba, ranar kasuwa kawai yake sallamarsa. Ya share fuska da hannun riga, ya ce bari ya ɗaura mini ita yanzu, tunda ga ta a shirye. Na ce ya bari. Ya ce, “Malam, allura mai ƙarya haɗari ce. Ranar da za ta yi zafin gaske ba za ka yarda da ita ba.” Na ce zan yarda da ita kullum. Duk inda ta hau zan tsaya in taɓa. Ya dube ni, ya rufe murfin injin.

Na ci gaba da zuwa Kurfi ranar kasuwa. Allura na hawa a wurinta, ina gangarawa gindin gawo in kashe inji in jira. Ina taɓa tiyon sama, in taɓa na ƙasa, in shafa fuskar lagireto da bayan hannu. Yanzu na iya. Jiran ne ya fi tsawo fiye da yadda na san shi.

Kayansa ba su da yawa. Liman ya ce tunda bai yi aure ba, namu ne ni da uwarsa, mu yi yadda muka ga dama. Riguna da wanduna muka bayar sadaka. Kekensa na aika wa ɗan ƙanena a Karofi. Rabe ya ɗauki sifanoninsa, na bar masa sauran da akwatin, ya ce zai ajiye wa duk wanda ya zo koyo yana da kunne irin nasa, in an samu. Dada ta aiko a kai mata hular da yake aiki da ita, ta ce kada a wanke.

Yahanasu ba ta nemi komai ba. Da aka yi ruwan farko ta bari ya wanke rufin, a na biyu na ji tana jan randuna zuwa ƙarƙashin indararo ita kaɗai. Da na fito ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ruwan motar wancan ya kusa ƙarewa. Ƙaramar butar tana ɗakinta, in zan zuba ruwa sai na aika a karɓo, in na gama a mayar mata.

Wayar kuwa na mayar da ita cikin tsummanta yadda ya naɗe ta. Tana akwatin gaban mota, tare da ma'aunin gilashin.